Minti Shida a Baranda: Yadda Likitoci Suka Koyi Auna Ciwon Huhu da Tafiya

A kudancin Wales, cikin ƙasar Birtaniya, akwai wasu kwaruruka da aka shekara fiye da ɗari ana haƙar kwal a cikinsu. Ko da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, wata matsala ta riga ta tsaya wa gwamnati a maƙogwaro: ƙurar kwal ta cinye huhun mahaƙa. Tsakanin 1931 da 1948 an sallami mutum fiye da 22,000 daga ramukan haƙar kwal na Birtaniya saboda wannan ciwo, mafi yawansu kuwa 'yan kudancin Wales ne. A 1943 doka ta amince a riƙa biyan masu ciwon diyya. Diyya kuwa gwargwadon naƙasa ake biyanta. To, wa zai auna naƙasar mutumin da ƙafafunsa lafiya lau, hannayensa lafiya lau, amma numfashi ya ƙi isarsa? Da wane ma'auni?

Ni aikina gashin ƙashi ne, kuma yawancin waɗanda ake turo mini masu ciwon ƙirji ne. Kayan aikina na yau da kullum agogo ne, da kujera, da doguwar baranda. Da na bi diddigin yadda aka yi waɗannan abubuwa marasa tsada suka zama ma'aunin da manyan asibitocin duniya ke dogaro da shi, sai sawun ya kai ni wajen waɗancan mahaƙa.

Ba wai babu na'ura a lokacin ba. Tun 1846 wani likita a Landan, John Hutchinson, ya fito da na'urar auna numfashi: wata gwangwani ce a kife cikin ruwa, mutum ya cika ƙirji ya hura ta bututu, gwangwanin ta ɗaga sama gwargwadon iskar da ya fitar. Ya auna mutum 2,130, da sojoji da 'yan sanda da 'yan dambe da matalauta, ya gano cewa yawan iskar na ƙaruwa da tsawon mutum, yana raguwa da tsufa, yana kuma faɗuwa idan tarin tibi ya kama huhu. Shekara ɗari bayan haka, a 1947, Robert Tiffeneau a Faris ya ƙara agogo cikin lissafin, aka koma duba yawan iskar da mutum ke iya fitarwa cikin daƙiƙa ta farko. Har gobe wannan awo shi ne ginshiƙin gano toshewar hanyoyin numfashi. Sai dai mutum a zaune yake hurawa, ko a tsaye cak. Mai sayen doki kuwa ba ya yarda da abin da ya gani a turke, sai an sukwane shi a gabansa.

Hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta buɗe cibiya ta musamman a asibitin Llandough, kusa da birnin Cardiff, a 1945, ta damƙa ta a hannun wani matashin likita, Charles Fletcher. Shi ne wanda a 1941, a Oxford, ya yi wa ɗan sandan nan Albert Alexander allurar penisilin, a gwajin farko na yi wa mutum magani da ita. A Wales Fletcher da abokan aikinsa suka yi ta cin karo da abu guda: hoton ƙirji da halin da mutum ke ciki ba sa tafiya tare. Sai a ga hoto ya yi dabbare-dabbare da ƙura amma mai shi yana hawan tudu, wani kuma hotonsa da dama-dama amma ba ya iya kai wa bakin titi. Kuma idan likita biyu suka duba mutum ɗaya, kowa da abin da yake rubutawa.

Abin da Fletcher ya yi mai sauƙi ne, shi ya sa ya daɗe. Ya tsara matakai biyar, ya buga su a 1952, kuma kowane mataki a kan tafiya ya gina shi. Mutumin da ba ya haki sai ya yi aikin ƙarfi yana matakin farko. Wanda ke haki idan ya yi sauri ko ya hau ɗan tudu yana na biyu. Na uku shi ne wanda tsararrakinsa ke wuce shi a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Na huɗu ba ya wuce yadi ɗari sai ya tsaya ya huta. Na biyar kuwa ba ya iya fita daga gida, cire riga ma sa shi haki take yi. Mataki na uku shi ya fi burge ni, domin bai auna mutum da wani adadi na littafi ba, da sa'o'insa ya auna shi. Garuruwan mahaƙan a jikin tuddai suke, maza kuma a ayari suke tafiya bakin rami, don haka kowa ya san ranar da abokai suka fara barinsa a baya. A 1959 aka sake gwada tambayoyin a kan ma'aikatan gidan waya na Landan, daga nan suka bazu. Da ɗan gyare-gyare, su ne muke yi wa marasa lafiya har yau.

Amma tambaya a bakin mutum take dogara, baki kuwa yana da dalilansa. Mai neman diyya zai iya ƙarawa. Mai tsoron a sallame shi daga aiki zai rage. A wajenmu ragewar ta fi yawa. Sai dattijo ya shigo kafaɗunsa na hawa da sauka, jijiyoyin wuyansa a miƙe, in ce, "Baba, yaya ƙarfin jikin?" ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi, ɗana." Ba ƙarya ya yi ba, tarbiyyarsa ce ta hana shi kai ƙarar ciwo. Kuma da yawa sun rage harkokinsu a hankali a hankali har sun manta abin da suke iya yi a da. Wanda ya daina zuwa kasuwa ba zai ce tafiya kasuwa na ba shi wahala ba.

Gani ya kori ji. A cibiyar ta Llandough ma, Philip Hugh-Jones ya tsara gwajin hawa da sauka a kan matakala a 1952. Manyan asibitoci kuma suka kafa ɗakunan gwaji da keken da ake tuƙawa a wuri ɗaya, da injin tafiya, da takunkumin da ke tattara iskar da mutum ke fitarwa. Awo ne mai inganci ƙwarai, amma yana buƙatar kuɗi da ƙwararru, kuma tsohuwar da ba ta taɓa hawa keke ba abin da za a auna a jikinta tsoro ne.

Mafita ta ɓullo daga inda babu marasa lafiya, wato wajen masu kula da matuƙa jiragen sama na Amurka. A 1963 Bruno Balke, Bajamushe da ke aiki a Oklahoma, ya nuna cewa nisan da mutum ya ci cikin gudun minti 15 na bayyana ƙarfin zuciyarsa da huhunsa. A 1968 Kenneth Cooper, likitan rundunar sojan sama, ya rage shi zuwa minti 12, ya gwada a kan mutum 115, ya tarar sakamakon ya yi kusa ainun da na ɗakin gwaji. Masu bin ƙwallon ƙafa sun san gwajin Cooper: 'yan wasan Birazil sun yi amfani da shi wajen shirin gasar cin kofin duniya ta 1970, kuma a da an daɗe ana tantance alƙalan wasa da shi.

Likitoci uku a Edinbura, McGavin da Gupta da McHardy, su suka ɗauko wannan dabara ta ƙarfafan samari suka kai ta ɗakin marasa lafiya. A 1976 suka ce wa masu daɗaɗɗen tari su yi tafiya, ba gudu ba, ta minti 12 a barandar asibiti, kowa da saurin da zai iya, wanda ya gaji ya tsaya ya huta agogo na ci gaba da juyawa. Abin da suka samu ya gaskata abin da aka gani a Wales: nisan da mutum ya ci bai da wata ƙwaƙƙwarar alaƙa da iskar da ya hura cikin daƙiƙar farko. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa a barandar. Tafiya ba aikin huhu kaɗai ba ce. Zuciya na ciki, da jini, da naman cinya, da nauyin jiki, da tsoron da mutum ke ji idan numfashi ya fara sarƙewa. Bututu huhu kawai yake tambaya, baranda kuwa mutumin gaba ɗaya take tambaya.

Minti 12 ya yi wa masu tsananin ciwo yawa. A 1982 Butland da abokan aikinsa a asibitin Brompton na Landan suka gwada minti 2 da minti 6 da minti 12. Biyu ya yi kaɗan wajen bambance mai dama-dama da wanda ya jigata, sha biyu na gajiyarwa, sai suka zaɓi shida a matsayin tsaka-tsaki. Asalin minti shidan ke nan da duniya ta runguma.

Binciken da na fi so a duk wannan tarihi an yi shi ne a Kanada, a jami'ar McMaster, aka buga a 1984. Gordon Guyatt da tawagarsa suka raba marasa lafiya gida biyu. Wasu ana yi musu kalaman ƙarfafa gwiwa suna cikin tafiya, wasu kuma an yi musu shiru. Waɗanda aka yi wa magana suka fi sauran cin nisa da kimanin mita 30. Mita 30 ba abin rainawa ba ce, don daidai take da abin da ake murna idan sabon magani ya kawo. Ma'ana, ma'aikacin jinya mai fara'a zai iya sa a ɗauka magani ya yi aiki, mai ɗaure fuska kuma ya sa a ɗauka ciwo ya ƙaru. An kuma lura cewa mutum na ƙara nisa a tafiya ta biyu don kawai ya gane yadda abin yake, ya san inda zai juya da yadda zai raba ƙarfinsa.

Saboda haka a 2002 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta kafa ƙa'ida dalla-dalla. Baranda ta zama shimfiɗaɗɗiya, mita 30, da alama a kowace mita 3, da abin kewayawa a kowane ƙarshe. Mai awo ba ya jerawa da mara lafiya, don kada saurin ƙafarsa ya ja shi. Sau ɗaya yake magana a kowane minti, da kalmomi iri ɗaya, da murya iri ɗaya. A 2014 ƙungiyar Turai da ta Amurka suka sabunta ƙa'idar tare, suka ce a yi tafiyar sau biyu a ɗauki mafi nisa, kuma canjin da ya kai kimanin mita 30 shi ne wanda za a ɗauka da muhimmanci.

Wannan sharaɗi na yin shiru shi ya fi wuya a barandarmu. Mu ba mu iya ganin dattijo na fama mu kame baki ba. 'Ya'ya na gefe suna "Sannu Baba, saura kaɗan," mai shara ya tsaya ya ce "Allah ya ba da lafiya," Baban kuma dole ya tsaya ya amsa, don ba ya wuce gaisuwa. Wata 'yar kuma da ta ga uwarta ta jingina da bango sai ta ruga ta riƙe ta. Kafin mu fara nakan tara 'yan rakiya in ce, "Don Allah ku ara mini Hajiya na minti shida. Ba rashin tausayi ba ne, so nake in ga abin da jikinta ke iyawa shi kaɗai." Ni kuma idan minti ya cika in ce, "Kuna ƙoƙari, saura minti biyar," in ja bakina. Na yarda da wannan tsauri ɗari bisa ɗari, domin idan ta dawo bayan wata uku ina so in san maganin ne ya ƙara mata nisa, ba daɗin bakinmu ba.

Akwai wani reshe da ya fito daga Leicester a 1992, inda Sally Singh ta tsara tafiyar kai-da-komo a tazarar mita 10, kaset na yin ƙara, saurin na ƙaruwa kowane minti har mutum ya kasa cim ma ƙarar. Yana da amfani inda baranda gajeriya ce. Amma minti shida ya ci gaba da rinjaye, har ya shiga lissafin rai da mutuwa. A 2004 Bartolome Celli da abokan aikinsa suka haɗa abu huɗu: nauyin jiki, da awon bututu, da matakan hakin nan na Fletcher, da nisan minti shida. Haɗin ya fi awon bututu shi kaɗai hasashen wanda ajali ya fi kusanta. A lissafinsu mai cin mita 350 zuwa sama yana rukunin da ya fi kwanciyar hankali, wanda bai kai 150 ba yana rukunin da ya fi haɗari. Lafiyayyen babba kuwa yakan ci tsakanin 400 da 700.

Duk da haka akwai abin da baranda ba ta gani. Tana nuna abin da mutum zai iya a gaban likita, ba ta nuna abin da yake yi idan ya koma gida. Na'urar ƙirga taku ta daɗe a kasuwa. A 1965 wani kamfanin Japan, Yamasa, ya fitar da tasa da taken taku 10,000, adadin da har yau wayoyinmu ke nuna mana, alhali daga talla ya samo asali ba daga binciken marasa lafiya ba. Sai da na'urorin suka ƙara inganci aka ɗaura wa masu ciwon huhu. A 2005, a birnin Leuven na Beljiyam, Fabio Pitta ya ɗaura wa mutum 50 masu toshewar hanyoyin numfashi, ciwon da ake kira COPD, da tsofaffi 25 masu lafiya. Masu lafiyar suna tafiyar minti 81 a yini, masu ciwon minti 44. Masu lafiyar suna kwanciyar rana ta minti 29, masu ciwon minti 87. A wani binciken nasa kuma ya tarar marasa lafiya na zaton suna tafiya fiye da yadda suke yi. A 2011 Benjamin Waschki a Jamus ya bi mutum 170 na tsawon shekaru, ya tarar yawan motsin da mutum ke yi a yini ya fi duk sauran awon da suka ɗauka nuna wanda zai yi nisan kwana.

Yadda abin ke faruwa kullum ina ganinsa. Haki ya tsorata mutum, ya rage tafiya. Naman ƙafa ya saki. Sakakken nama kuwa ya fi saurin gajiya, ya fi neman iska a ƙaramin aiki, sai hakin ya zo da wuri fiye da da, mutum ya ƙara zama. Iyali kuma, saboda ƙauna, su ce "Baba ku zauna, za a kawo muku," su ɗauke masa buta, su ɗauke masa zuwa masallaci. Cikin shekara guda mutumin da ke zagaya unguwa ya koma daga tabarma sai gado, alhali awon bututunsa bai canja sosai ba. A da likitoci ma hutu suke ba irin waɗannan marasa lafiya, sai da irin su Alvan Barach a New York da Thomas Petty a Denver suka dage cewa a tashe su su yi tafiya. Huhun da ya lalace ba ya komawa sabo, amma ƙafa na karɓar horo ko a shekara saba'in.

Ina namu matsayin a wannan tarihi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce COPD ya kashe mutum miliyan 3.23 a 2019, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka mutu kafin su kai shekara 70 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki suke. Namu masu ciwon ba duka ne mashaya taba ba. Akwai matan da suka shekara talatin a kan murhun itace cikin rufaffen madafi. Akwai masu fasa dutse da masu haƙar zinare da ke niƙa dutse babu takunkumi. Akwai kuma waɗanda suka sha maganin tibi na wata shida aka ce sun warke, aka rufe katinsu, alhali tabon da ciwon ya bari ya hana su komawa gona. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tibi a duniya, amma da wuya a tambayi wanda ya gama magani nisan da yake iya tafiya. Ga hunturu, da ƙurarsa ke mayar da su gado duk shekara.

Sai dai ban yarda mu kwafo ma'aunin ido rufe ba. Ɗaya daga cikin lissafin da aka fi amfani da shi wajen faɗin nisan da ya kamata mutum ya ci an samo shi ne a 1998 daga mutanen Tucson, a jihar Arizona ta Amurka. Manomin da ya saba cin kilomita biyar zuwa gona zai iya rasa rabin ƙarfinsa, lissafin Arizona ya ce lafiyarsa ƙalau. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini ita ma da gyara: wani bincike na jami'ar Michigan a 2020 ya nuna ta fi ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata, kusan ninki uku idan aka gwada da farar fata. Don haka ba na sakin jiki da lambarta idan leɓɓan mutum da hakinsa na gaya mini wani abu daban. Na'urar ƙirga taku kuma ba ta san daka ba, ba ta san jan guga ba, ba ta san wanki a tsugune ba. Matar da ke yini cikin gida tana aikin da zai gajiyar da ƙato, na'ura ta rubuta cewa zaune ta wuni.

Fletcher da rayuwar mahaƙan Wales ya tsara tambayoyinsa, shi ya sa suka amsa masa gaskiya. Ni ma na ga amsa na canjawa idan na tambayi mutum da tasa rayuwar. Baba, har yanzu kuna zuwa masallacin Juma'a da ƙafa? Sau nawa kuke tsayawa a hanya? Yaushe kuka fara salla a zaune? Hajiya, kuna iya share tsakar gida a tashi ɗaya? Wanda ya ce da sauƙi, shi ne zai ce ai tun azumin bara ya daina sujada sai da nuni.

Kirana ga masu gudanar da asibitocinmu, manya da ƙanana, shi ne a auna mita 30 a baranda a shafa fenti, a ajiye kujera da agogo, a koya wa ma'aikata ƙa'idar. Duk wanda ya gama maganin tibi a sa shi tafiyar nan kafin a rufe katinsa. Jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai su auna lafiyayyun mutanenmu, maza da mata, mu samu namu lissafin. Kai kuma mai karatu, idan akwai mai haki a gidanku, kada ka gwada shi da kanka, musamman in yana jin ciwon ƙirji ko jiri ko yana da ciwon zuciya. Kai shi asibiti, ka gaya wa likita inda yake iya kaiwa bara da inda yake tsayawa bana. Idan likita ya ce ya riƙa tafiya, ku bar masa butarsa, ku raka shi masallaci da ƙafa.